Tsoron da Ɗan Wasa Ke Ƙera wa Kansa: Ƙarfi da Raunin Wasan Amnesia: The Dark Descent

 

 Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan taro da suka ga dacewar a ware lokaci domin tattauna wasan kwamfuta. Na san a cikinmu akwai mai ganin cewa wasa bai kai a tara manya a kansa ba. To amma kuɗin da sana'ar wasannin kwamfuta take juyawa a yau ya zarce abin da gidajen sinima na duniya suke tarawa, kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu suna ba ta awoyi masu yawa na rayuwarsu. Abin da ya samu irin wannan gurbi a zukatan matasa ya cancanci a yi masa nazari irin wanda ake yi wa littafi ko fim.

Wasa guda ɗaya na zaɓa, mai suna Amnesia: The Dark Descent, daga rukunin wasannin ban tsoro da ake yin su ta hanyar yawo da bincike. Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne, ƙarfin wannan wasa da rauninsa daga saiwa ɗaya suka tsiro. Ya gina tsoronsa a kan abin da ya ɓoye wa ɗan wasa. Muddin mutum bai san dokokin da wasan yake bi ba, to yana cikin firgici na gaske. Ranar da ya gane su, rabin ginin ya rushe. Ina kuma neman afuwar wanda bai buga shi ba tukuna, domin dole ne in tona asirin labarin har ƙarshensa.

Asalin wasan

Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Frictional Games, wanda a lokacin yake garin Helsingborg na ƙasar Suwidin, ya fitar da wasan ranar 8 ga Satumba, 2010. Thomas Grip da Jens Nilsson ne suka kafa kamfanin. Kimanin mutum biyar ne ƙashin bayan aikin, kowa yana yi daga gidansa ta intanet. Kafin nan sun yi jerin wasannin Penumbra a 2007 da 2008, inda suka fara gwada dabarun da suka nuna a Amnesia. Mikael Hedberg ne ya rubuta labarin, Mikko Tarmia ɗan ƙasar Finlan ya tsara kiɗan. Manhajar da suka gina wasan a kanta tasu ce, sun raɗa mata HPL domin tunawa da marubucin labaran ban tsoro na Amurka, H. P. Lovecraft, wanda tasirinsa ya ratsa aikin gaba ɗaya. Abin da suka kashe kimanin dala 360,000 ne, kuɗin da a wurin manyan kamfanoni ko tallar wasa ɗaya ba zai biya ba.

Sai mun dubi kasuwar lokacin za mu gane girman abin da suka yi. Wasannin ban tsoro na farko, irin su Alone in the Dark na 1992, da Resident Evil na 1996, da Silent Hill na 1999, sukan ba ɗan wasa makami amma su ƙuntata masa harsashi. Daga Resident Evil 4 na 2005 abin ya karkata zuwa harbe-harbe. Dead Space na 2008 da Resident Evil 5 na 2009 duk sun damƙa wa mutum manyan makamai. Wanda yake riƙe da bindiga cike da harsashi yana iya razana, amma tunaninsa na kan saiti ne da ƙirga harsashi. Amnesia ya zo ya karɓe makamin baki ɗaya. Ba shi ya fara wannan ba, domin Clock Tower na ƙasar Jafan ya yi tun 1995, kamar yadda Eternal Darkness ya riga shi auna hankalin ɗan wasa a 2002. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda ya haɗa waɗannan dabaru wuri guda, ta idon ɗan wasa kai tsaye, ba tare da ya bar masa wata mafaka ba.

Labarin a taƙaice

A watan Agusta na 1839, wani saurayi ɗan Landan mai suna Daniel ya farfaɗo a ƙasa cikin wani tsohon gidan sarauta na dutse da ake kira Brennenburg, a daular Purushiya ta Jamusawa. Bai tuna komai ba sai sunansa da garinsu, da kuma cewa wani abu yana farautarsa. Bai yi nisa ba ya tsinci takarda da rubutun hannunsa. Shi da kansa ya sha maganin da ya shafe masa tunani, kuma ya bar wa kansa umarni ɗaya: ya gangara can ƙarƙashin gidan ya kashe mai gidan, basarake Alexander.

Sauran labarin a hankali ake tsinto shi, daga yagaggun shafukan littafin ajiyarsa da muryoyin da suke dawo masa. Watanni kaɗan kafin nan, Daniel ya bi wani farfesa mai suna Herbert zuwa Aljeriya tonon kayan tarihi. A cikin wani kabari ya samo wani dunƙulallen dutse mai walƙiya, ya tafi da shi Ingila. Tun daga nan wata halitta marar siffa, wadda wasan yake kira Inuwa, ta biyo shi tana hallaka duk masanin da ya nema wa shawara. Alexander ya aiko masa da wasiƙa cewa zai kare shi. Da ya iso, sai basaraken ya koya masa cewa ba a tsayar da Inuwa sai da wani sinadari da ake tatsa daga jikin mutumin da ake azabtarwa. Ya ce masa fursunonin da ke kurkukun gidan duk masu laifi ne. Daniel ya yarda, domin yarda ta fi masa sauƙi. Ya azabtar, ya kashe, har ya kai ga sato iyalin wani manomi, har ya kashe wata yarinya da ta tsere. A nan ne ya kasa ɗaukar kansa, ya sha maganin mantuwa.

Inda wasan ya yi fice

Ƙarfi na farko shi ne rashin makami. Idan wata halitta ta bayyana a lungu, zaɓi biyu ne kawai: gudu ko ɓuya. Mutum zai shige kabad ya ja ƙofa, ko ya durƙusa bayan ganga a cikin duhu, yana jin takun abin yana matsowa. Wannan ya sauya irin tambayar da ɗan wasa yake yi wa kansa duk sanda ya shiga sabon ɗaki. Idonsa zai riƙa neman maɓoya tun kafin a ce akwai abin gudu. Wato tun haɗari bai zo ba ya riga ya fara zana shi a ransa.

Na biyu shi ne cinikin haske da duhu. Daniel yana da fitila mai shan mai, man kuma ƙarewa yake. Yana tsintar ƙyastu jifa-jifa, kowane ɗaya na kunna kyandir ko toci guda, kuma abin da ka kunna ba ka iya kashe shi. Zama cikin duhu yana cin hankalinsa: gani ya dinga karkacewa, a riƙa jin ƙarar cizon haƙora, kyankyasai su riƙa bi ta fuskar allo, tafiya ta yi nauyi. Haske kuma shi yake nuna ka ga mai farautarka. Gaba kura ce, baya sayaki. Babu inda mutum zai tsaya ya ce ya huta, kuma ko kunna kyandir ɗaya sai ya auna.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran hikima, shi ne hana kallo. Idan ka ƙura wa dodon ido, hankalin Daniel zubewa yake, hoton ya dusashe. Don haka wasan ya koya wa mutum kawar da kai, ya juya fuska ga bango yana saurare. Masu yi mana tatsuniya da daddare sun san wannan sirri: ba su taɓa tsayawa su siffanta Dodo daga kai zuwa ƙafa ba, sai dai a ji gurnaninsa da girgizar ƙasa, kowane yaro ya ƙarasa hoton da abin da ya fi tsoro. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin zana halittu iri-iri, waɗanda ake gani da ido a wasan nan iri biyu ne rak. Sai suka mayar da wannan rashi jari, suka bar wa ƙwaƙwalwar ɗan wasa aikin zanen.

Na huɗu shi ne hannu. A yawancin wasanni maɓalli ɗaya ake dannawa ƙofa ta buɗe. A nan sai ka kama ta da maus ka tura ko ka ja, gwargwadon motsin hannunka. Kana iya buɗe ta kaɗan ka leƙa. Haka aljihun tebur, haka murfin akwati, haka dabaran da ake juyawa. A lokacin natsuwa wannan ƙaramin abu ne. A lokacin gudu kuwa, rawar hannunka ta gaske ita ce take hana ƙofar buɗewa. Tsoron da ke jikin mai wasa yana shiga cikin wasan ya zama matsalar Daniel.

Bari in kai ku wuri ɗaya ku gani. A farko-farkon wasan akwai wani ɗakin ajiyar takardu a ƙarƙashin ƙasa. Kana cikin tafiya sai duhu ya rufe, da ka dawo hayyacinka sai ka ga ruwa ya cika wurin zuwa gwiwa. Can gaba sai ka ga ruwan yana fantsama, taku bayan taku, ya nufo ka, alhali babu kowa a kai. Dabara ita ce ka haye akwatunan da ke yawo, ka yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Idan ka tsaya a kan akwati, fantsamar takan tsaya a gindinsa tana jira. A gaba akwai ƙofar ƙarfe da ba ta ɗagawa sai an juya wani dabaran, shi kuma sai ka sauka cikin ruwan kafin ka kama shi. Sai ka ɗauki guntun naman gawa da ke kan akwati ka wurga can nesa, ka ji abin ya bi shi yana ci, ka diro, ka kama dabaran kana murɗawa da hannunka, kunnenka na can wurin cin, kana jiran lokacin da zai ƙare. Daga nan sai tsere ta wani dogon lungu mai ƙofofi, abin yana farfasa su a bayanka. Da ka kuɓuta sai ka faɗo wani babban zaure mai haske, da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, da kiɗa mai sanyi. Duk tsawon wannan wuri ba a nuna maka ko farcen halittar ba. Sauti ne da fantsamar ruwa suka yi aikin, kuma hutun da aka ba ka a ƙarshe shi ne yake sa tsoro na gaba ya sami wurin zama. Ba mamaki wasan ya ci kyautar sauti da ta ƙwarewar fasaha a bikin wasannin ƙananan kamfanoni na Independent Games Festival a 2011.

Ƙarfi na ƙarshe a labarin yake. Ɗan wasa yana farawa da tausayin Daniel, yana ganin wanda aka zalunta ne. Yana gangarawa yana tsintar shaidar cewa hannun da yake sarrafawa shi ne hannun da ya yi ta'asar. Gangarowa ta cikin gini da gangarowa ta cikin hali tafiya ɗaya suke yi. Daniel bai zama mugu dare ɗaya ba. Tsoron mutuwa ne ya sa ya karɓi ƙaramar ƙarya, ita kuma ta buɗe wa babba ƙofa. Inuwar da take bin sa, ko da wasan ya ba ta bayanin tsafi, mai kallo da idon Bahaushe zai gane ta nan take: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Tambayar da wasan ya ɗora a teburi mai nauyi ce. Mutumin da ya manta laifinsa, shin ya rabu da laifin?

Inda wasan ya gaza

Yanzu sai mu juya ɗaya gefen. Babban abokin gabar wasan ban tsoro shi ne sabo, kuma abin sha'awa, labarin Amnesia da kansa ya san haka. A cikin takardun Alexander an bayyana cewa wanda ake azabtarwa yakan saba, tsoronsa ya ragu, sinadarin da ake nema ya daina fita. Shi ya sa ake ɗura wa fursunoni maganin mantuwa, domin su fuskanci azabar kamar yau suka fara. Shi ne maganin da Daniel ya sha. To masu wasan ba su da irin wannan magani da za su ba ɗan wasa. Tafiyar takan ɗauki kimanin awa takwas zuwa goma, kuma tun kafin a kai rabi mai lura ya fara gane tsarin.

Zai gane cewa dodannin ba yawo suke yi da gaske a gidan ba. An dasa su ne a wurare sanannu, sukan fito idan ka ɗauki wani muhimmin abu ko ka taka wani wuri. Zai gane cewa akwai gurnani da kiɗan da ke sanar da zuwansu, kuma idan kiɗan ya ɗauke to sun tafi. Sau da yawa ba ma tafiya suke ba, ɓacewa suke da zarar sun sha kwana. Daga nan ɓuya ta zama jira kawai: shiga lungu, juya baya, ƙirga daƙiƙu, fito. Abin da ya sa zuciya bugawa a awa ta biyu ya koma al'ada a awa ta bakwai.

Mutuwa ma haka. Wanda aka kashe karon farko yakan yi mamakin arhar abin. Zai farka kusa da inda ya faɗi, kayansa na nan, sau da yawa ma an ɗauke dodon daga wurin. Masu wasan da gangan suka yi haka, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: idan aka tilasta wa mutum maimaita wuri ɗaya sau biyar, tsoro zai koma haushi. Amma kuɗin wannan shawara shi ne, duk wanda ya mutu sau ɗaya ya gano barazanar ba ta kai yadda ya ɗauka ba. Haka ma'aunin hankali. A wasan na asali, idan hankalin Daniel ya ƙare, faɗuwa yake ya ja jiki na ɗan lokaci, sannan ya miƙe. Mai da ƙyastu da ake ta tattali kuwa, mai bincike da kyau yakan ƙare wasan da ragowa mai yawa. Wannan ne ya sa tun a farko wasan yake roƙon mutum da kada ya buga shi da niyyar cin nasara, ya kashe fitila, ya sa abin sauraro a kunne, ya miƙa kansa ga labarin. Roƙo ne na gaskiya, amma yana nuna cewa ginin yana tsaye ne da haɗin kan wanda ake tsoratarwa. Sai a 2018 aka ƙara wani mataki mai tsanani, inda ƙarewar hankali take kisa, kuma ajiye ci gaban wasa yake cin ƙyastu.

Rauni na biyu yana wajen matsalolin wasa ƙwaƙwalwa. Wasu suna da ma'ana, kamar haɗa sinadarai huɗu a samu ruwan da zai narka wani naman da ya toshe hanya. Amma da yawa aike ne kawai: je ka nemo sanduna uku na gyaran injin lif, je ka tattaro gutsattsarin dutse shida. Idan mutum ya rasa wani ƙaramin abu a cikin duhu, sai ya yi ta zagaye ɗakunan da ya riga ya sani babu komai a cikinsu. Minti ashirin na irin wannan yawo yana kashe fargabar da aka yi awa ana ginawa.

Na uku shi ne yadda ake ba da labarin. Kusan duka ta takardu ne da muryoyi. Hankali bai cika ɗaukar cewa mutum ya yayyaga littafin sirrinsa ya warwatsa shafukan ɗaki-ɗaki, a jere daidai da yadda za a bi su ba. Ban da wani tsoho ɗaure da sarƙa, wanda aka ba sunan masanin nan na Jamus na ƙarni na 16, Heinrich Cornelius Agrippa, babu wani mai rai da Daniel yake zama da shi kafin ƙarshe. Shigowar Agrippa ma, da yawan zancensa, takan rage kaɗaicin da shi ne gishirin wasan.

Na huɗu ya fi damuna. A kashi na ƙarshe wasan ya bar dabarar ɓoyewa ya koma nunawa. Ana bi da mutum ɗakunan azaba ɗaya bayan ɗaya, da kayan aikinsu, da zanen yadda ake amfani da su, da ihun waɗanda aka yi wa. Manufar ita ce ɗan wasa ya ji nauyin abin da Daniel ya aikata. Amma waɗanda aka azabtar ɗin kusan ba su da suna, ba su da fuska, ba mu san abin da suka bari a gida ba. Sun zama kayan ado na tsoratarwa. Sannan ƙarshen bai biya bashin da labarin ya ci ba. Bayan duk wannan gangarowa, sai ka tarar da Alexander yana shawagi a sama yana dogon jawabi, kai kuma aikinka ka ture ginshiƙai uku. Idan ka yi haka, Inuwa ta cinye shi, Daniel ya fita daga gidan yana jin ya wanke kansa. Idan ka jefa kan Agrippa ta ƙofar tsafin da ta buɗe wa Alexander, a ba ka alamar za a ceci Daniel. Idan ka tsaya kallo, Alexander ya wuce ta ƙofar, Inuwa ta hallaka Daniel. A cikin ukun babu inda aka koma kan iyalin manomin nan. Kashe wanda ya koya maka zalunci ramuwa ce. Tuba kuwa tana buƙatar amsa laifi da mayar da haƙƙi ga masu shi, kuma wasan da ya yi ƙarfin halin yin tambayar bai yi ƙarfin halin bin ta har nan ba.

Akwai rauni na biyar da ya shafe mu kai tsaye. Kabarin da Daniel ya shiga a Aljeriya, wasan ya ce na Tin Hinan ne. Wannan ba ƙirƙirarren suna ba ne. Tin Hinan ita ce sarauniyar da Abzinawan Ahaggar suke ɗauka a matsayin uwarsu, 'yan'uwan Abzinawan da Hausawa suka yi ƙarnoni suna cuɗanya da su a Agadas da Kano. Kabarin da ake danganta mata yana Abalessa, kusa da Tamanrasset, kuma sai a 1925 Turawa suka tone shi. A 1839 Faransa ba ta fi shekara tara da kama birnin Aljas ba, ba ta kuma karya Abzinawan Ahaggar ba sai a yaƙin Tit na 1902. Mai ƙaga labari yana da 'yancin sauya tarihi. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne tsohuwar al'adar adabin Turai da wasan ya gada ba tare da tambaya ba: Afirka ita ce rumbun la'ana, Bature ne mai shiga ya ɗauko, shi ne kuma mai labarin. Mutanen wurin 'yan dako ne da ake hallakawa a gefen shafi. Kamfanin ya sake komawa hamadar Aljeriya a Amnesia: Rebirth na 2020, wanda labarinsa ya faru a 1937, nan ma jarumar Bafaranshiya ce.

Tasirinsa da darasinsa

Duk da waɗannan, wasan ya sauya fagensa. A watan farko kwafi kimanin 36,000 aka sayar, amma cikin shekara biyu ya haura miliyan ɗaya. Babban dalili shi ne YouTube. Matasa irin su Felix Kjellberg, wanda aka fi sani da PewDiePie, da Markiplier, sun yi suna da ɗora bidiyon kansu suna bugawa suna ihu. Wannan ya tallata wasan kyauta, ya kuma jawo ambaliyar masu kwaikwayo. Slender: The Eight Pages na 2012 da Outlast na 2013 sun bi sawunsa, har Resident Evil 7 na 2017 ya koma kallo ta idon ɗan wasa da yawan ɓuya. Sai dai da yawa daga masu kwaikwayon sun ɗauki ihun sun bar haƙurin, suka cika wasanninsu da abin da ke faɗo wa mutum ba zato.

Gyaran raunin ma ya zo daga baya. Alien: Isolation na 2014 ya kawo halittar da take farauta da gaske, ba a san inda za ta ɓullo ba. Su kansu Frictional sun raba matsalar gida biyu. A SOMA na 2015 sun ba labari da tambayar ɗabi'a muhimmanci, har a 2017 suka ƙara matakin da dodanni ba sa kisa. A Amnesia: The Bunker na 2023, wanda labarinsa ya faru a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sun ba ɗan wasa ƙaramar bindiga da janareto mai shan mai, suka saki halitta ɗaya mai bin ƙara, suka kuma sa wasu abubuwa suna sauya wuri a kowane sabon bugu. Kamfani ne da ya dubi aikinsa da idon gaskiya ya gyara, kuma wannan abin koyi ne.

Ina da kira guda biyu kafin in zauna. Na farko ga iyaye da malamai. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa wannan wasa a rukunin 'yan shekara 17 zuwa sama. Akwai azabtarwa a ciki, da gawarwaki, da tsafi. Bai dace da yara ba, kuma yaro ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya gan shi, wayar hannu da data sun isa. Mu riƙa tambayar abin da suke kallo, mu zauna mu gani tare da su, domin hani ba tare da sani ba bai cika tasiri ba.

Na biyu ga matasanmu masu karatun kwamfuta da masu rubutun labari. A watan Satumba na 2020 kamfanin ya saki lambobin manhajar wannan wasa kyauta ga duk mai son ya karanta ya koya. Ku sauke, ku buɗe, ku ga yadda aka ɗaura sauti da taku, yadda aka dasa kowane dodo, yadda aka auna hutu da firgici. Ku ɗauki darasin cewa ƙarancin kuɗi bai hana mutum biyar girgiza wata babbar sana'a ba. Ku kuma ɗauki darasin kurakuransu: ku shirya wa ranar da ɗan wasa zai gane dabararku, ku ba wanda aka zalunta suna da murya, kuma idan za ku taɓa tarihin Sahara da ƙasar Hausa, ku ba da shi daga bakin masu shi. Kuna da labaran, kayan aikin ma yanzu suna hannunku.